Finafinan Masar na Farko: Wa Ya Mai da Talaka Mai Laifi?

    

Darasinmu na yau tarihi ne, tarihin sinima, wato hoton nan mai motsi mai magana. Za mu ga yadda mutanen ƙasar Masar suka fara yin finafinai cikin harshen Larabci, da yadda suka sa talaka a ciki, shi da gonarsa, da bashinsa, da laifinsa.

Wani zai ce: "Ni manomi ne. Ina ruwana da sinimar Larabawa?" To, ɗan uwa, yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Waɗannan finafinai sun yi wata tambaya wadda ta shafi kowa: in mutum ya zama ɓarawo ko mai kisa, shi kaɗai ke da laifi, ko akwai wanda ya tura shi? Cikin amsar da suka bayar za ka ga abubuwa 3 da ka sani sarai: gona, da kasuwa, da takarda.

Karanta a hankali. In ka tarar da suna mai wuya, rarraba shi gaɓa-gaɓa kamar yadda muka koya.

YADDA SINIMA TA SHIGA MASAR

Masar tana arewa maso gabas da mu. Babban birninta Alƙahira, inda masallacin Azhar yake. Ƙasa ce ta hamada, ruwan sama ba ya isar noma. Kogin Nilu shi ne damanarsu, daga cikinsa suke jan ruwa zuwa gonaki. Saboda haka ƙasar noma kaɗan ce, mutane kuwa da yawa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

An fara nuna sinima ga jama'a a birnin Pari na Faransa a 1895. A 1896 aka nuna ta a Iskandariyya, birnin Masar na bakin teku. Aka yi shekaru Misirawa suna kallon abin da Turawa suka shirya.

A 1927 wata mace mai suna Aziza Amir ta zuba kuɗinta ta yi fim mai suna Laila, ita ce kuma ta fito a Laila ɗin. Yana cikin dogayen finafinan Masar na farko. Ba shi da murya, hoto ne kawai da rubutu. Labarin wata ƴar ƙauye ne wadda saurayinta ya yaudare ta, ya bi wata baƙuwa, ya bar ta da ciki, mutanen ƙauye kuma suka kore ta. Kun ga tun farkon fari da labarin wadda aka zalunta aka soma.

A 1932 hoto ya yi magana da Larabci, cikin fim mai suna Auladuz Zawat, ma'ana Ƴaƴan Manya. Amma sai da aka je har Pari aka ɗauki muryar, domin babu kayan aikin a gida. A 1935 wani mai kishin ƙasa, Tal'at Harb, wanda ya kafa Bankin Masar a 1920, ya gina babban gidan shirya finafinai kusa da Alƙahira. Daga nan ba sai an ƙetare teku ba. Fim na farko da aka yi a gidan shi ne Widad, a 1936, kuma mawaƙiya Ummu Kulsum ce ta fito a ciki.

Irin labarin da aka fi yi, Faransawa suna kiransa melodiram. Labari ne mai sosa zuciya. Akwai na kirki, akwai mugu, ba ka kuskuren gane su. Akwai soyayya, da rabuwa, da waƙa, da hawaye. Sai dai yawancin finafinan farko gidajen masu kuɗi suke nunawa, da motoci, da manyan kujeru. Talaka in ya fito, bara ne ko abin dariya.

TALAKA YA SHIGA HOTO

Lokacin nan Masar sarki take da shi, sojan Ingila kuma suna cikin ƙasar. Masu mulki ba su son a nuna talauci.

A 1938 aka gama wani fim mai suna Lashin. Labarin zamanin da ne, na wata ƙasa inda yunwa ta kama talakawa, fadawa suna cin amana, har jama'a suka tashi. Hukuma ta hana shi nan da nan, ta ce cin fuskar sarauta ne. Sai da aka sake ƙarshensa kafin a bari a nuna shi.

A 1939 Kamal Salim ya yi fim mai suna Al-Azima, ma'ana Ƙudurin Zuciya. Wannan fim ya sake hanya. Ba gidan sarauta ya nuna ba, lungun talakawan Alƙahira ya nuna, da wanzami, da mahauci, da ƴan tireda. Labarin Muhammadu ne, ɗan wanzami. Ubansa ya sha wahala ya sa shi makaranta har ya gama. Ya fito da takardar shaida, amma babu aiki. Da ƙyar ya samu, ya auri Fatima wadda yake so. Sai wata takarda mai muhimmanci ta ɓace a ofis, aka ɗora masa laifi, aka kore shi. Ya koma ƙaramin aiki a kanti yana ɓoye wa matarsa, har auren ya mutu. Daga baya gaskiya ta fito, ya miƙe, suka komo tare. Ƴan kallo sun ga kansu a ciki, suka so shi ƙwarai.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, daga 1939 zuwa 1945. Kaya suka yi wuya. A 1945 Kamil Tilmisani ya yi fim mai suna Baƙar Kasuwa. Ya nuna ƴan kasuwar unguwa masu ɓoye abinci a ɗaka sai ya yi tsada su fito da shi, sun yi arziki da yunwar maƙwabtansu. Wannan ba baƙon hali ba ne gare ku. Kun san mai sayen hatsi da arha a kaka, ya kulle, sai tsakiyar damana ya buɗe rumbu.

A 1947 gwamnati ta fito da ƙa'idodi. Ta hana a nuna lungunan matalauta da ɗakunan manoma marasa hali. Ta hana a nuna yajin aiki da zanga-zanga. Ku lura, an bar talaucin yana nan, nuna shi ne aka hana.

GONA

Ran 23 ga Yuli 1952 wasu hafsoshin soja, cikinsu da Jamal Abdunnasir, suka tuɓe Sarki Faruƙu. Kafin wannan rana, ƙasa da mutum 1 cikin 100 na masu gonaki su ke riƙe da wajen kashi 1 cikin 3 na ƙasar noma. Manya daga cikinsu ana kiransu Basha, na ƙasa da su kuma Bek. Manomi yana aiki a gonar Basha, ko ya yi haya da tsada. Cikin Satumba 1952 aka yi doka: kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da fadan 200, wato wajen hekta 84. Abin da ya ɗara haka a raba wa marasa gona.

Da Basha ya faɗi, sai bakin masu sinima ya buɗe a kansa.

A 1954 Yusuf Shahin ya yi fim mai suna Faɗa Cikin Kwari. Wani saurayi, Ahmad, ya yi karatun aikin gona. Ya koya wa manoman ƙauyensu dabara har rakensu ya fi na Basha kyau. Basha ya ga ciniki zai kuɓuce masa, sai aka saki ruwa ya cinye gonakin talakawa. Wani dattijon malami ya gane wanda ya yi, aka kashe shi. Aka ɗora kisan a kan uban Ahmad, alƙali ya yanke masa hukuncin kisa, alhali bai yi ba. Umar Sharif ne ya fito a Ahmad, kuma fim ɗinsa na farko ke nan. Fatin Hamama ta fito a ƴar Basha.

A shekarar nan ta 1954 Salah Abu Saif ya yi fim mai suna Al-Wahash, ma'ana Dodo. Wani ɗan fashi ne ya addabi ƙauyukan kudancin Masar. Kowa ya san shi, ba mai iya faɗi. Don me? Don akwai Basha da ke ɓoye shi, yana aiki da shi a kan abokan hamayyarsa lokacin zaɓe. Fim ɗin ya nuna mai bindiga, ya kuma nuna mai babbar riga da ke bayansa.

WA YA TURA SHI?

Ga wani labari da ya faru da gaske. Tsakanin 1919 da 1920 mata suka riƙa ɓacewa a Iskandariyya. Daga baya aka gano gawarwakinsu a bisne cikin ɗakuna. Wasu mata biyu, ya da ƙanwa, Raya da Sakina, tare da mazansu da wasu maza biyu, su ke yaudarar mata su kai su gida, su kashe su saboda zinariyar da ke hannunsu. Mata 17 aka lissafa. An rataye masu laifin cikin Disamba 1921. A 1953 Salah Abu Saif ya mai da labarin fim. Wanda ya taya shi rubutawa shi ne Najib Mahfuz, marubucin da ya ci kyautar Nobel a 1988. A nan fim bai nemi uzuri ga kowa ba. Kisa kisa ne, mai yi ya gamu da sakamakonsa.

Amma ba kowane mai laifi ne Raya ko Sakina ba. A 1954 Atif Salim ya yi fim mai suna Ja'aluni Mujriman, ma'ana Sun Mai da Ni Mai Laifi. Farid Shauƙi ne ya fito a saurayin, sunansa Sultan. Maraya ne. Ɗan uwan ubansa ya cinye masa gado. Tun yana yaro aka kai shi gidan horon yara. Da ya fito ya ƙudura zai ci halas. Amma duk inda ya nemi aiki sai a tambayi takardarsa ta hukuma, takardar kuma ta ce an taɓa kama shi. Sai a rufe masa ƙofa. Yunwa ta kai shi hannun ɓarayi. Aka laƙa masa kisan da bai yi ba. A ƙarshe ya yi kisan da gaske, ya kashe wanda ya cinye gadonsa.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sultan ya yi laifi, fim bai musa ba. Amma ya tambayi ƴan kallo: ina maci gadon maraya? Ina waɗanda suka hana tubabbe aiki? Bayan fitowar fim ɗin aka yi doka a Masar, a daina rubuta laifin farko cikin takardar da mutum ke kaiwa neman aiki. Har yau Misirawa suna danganta dokar nan da wannan fim.

KASUWA

A 1957 Salah Abu Saif ya shiga babbar kasuwar kayan lambu ta Alƙahira da fim mai suna Al-Futuwwa, ma'ana Ƙaton Kasuwa. Ku kasa kunne ga wannan, domin yana da gargaɗi.

Haridi baƙauye ne, ya zo birni neman abinci. Ranar da ya shiga kasuwa da mari a ƙeya aka tarye shi. Ya yi aiki har da jan amalanke a maimakon dabba. Kasuwar tana hannun wani attajiri, Abu Zaid. Shi ke sa farashi. Yana tare kaya ya ɓoye don su yi tsada, yana ba manyan hukuma toshiya su kau da kai. Manomi ya sayar da arha, mai saye ya saya da tsada, riba ta tsaya a tsakiya.

Haridi ya shiga ƙarƙashinsa, ya koyi sirrinsa, ya tara ƙananan ƴan kasuwa suka yi masa tawaye. Jama'a suka yi murna, sun sami mai ceto. To, me ya faru? Da Haridi ya hau, sai ya yi daidai abin da Abu Zaid ke yi: ɓoye kaya, da toshiya, da danne na ƙasa. Su biyu suka hallaka juna. A ƙarshen fim wani sabon baƙauye ya shigo kasuwa, aka tarye shi da mari a ƙeya. Mutum ya sake, tsari bai sake ba.

TAKARDA

Yanzu mu komo kan ruwan Nilu. Abdurrahman Sharƙawi ya rubuta littafi mai suna Al-Ard, ma'ana Ƙasa, a 1954. Yusuf Shahin ya mai da shi fim a 1969. Labarin wani ƙauye ne a shekarun 1930.

Hukuma ta rage wa manoma kwanakin ban ruwa daga 10 zuwa 5, ruwan ya tafi gonar manya. Shuka ta fara bushewa. Manoma suka riƙa faɗa da junansu a bakin ruwa. Wata rana suna cikin doke-doke sai saniyar ɗayansu ta faɗa rijiya. Nan take suka bar faɗa, suka haɗa ƙarfi suka ciro ta.

Suka yi shawara su kai kuka ga gwamnati a rubuce. Wani mai gonaki, Mahmud Bek, ya nuna zai taimaka. Aka tara sa hannun mutanen ƙauye. Yawancinsu ba su iya karatu ba, sun ɗauka ruwa suke roƙo. Bek ya yi aiki da sa hannun nan ya sa aka yanka hanyar mota zuwa gidansa, ta tsakiyar gonakinsu. Da suka ƙi, aka aiko da dakarun hukuma. A ƙarshe an ɗaure dattijon manomi, Abu Suwailim, ana jan sa da doki cikin gonar audugarsa, yatsunsa suna kafe cikin ƙasa, ya ƙi saki.

Ɗan uwa, tsaya nan ka yi tunani. Da bindiga aka gama ƙwace gonar, amma da takarda aka soma. Kuma hannun masu gonar ne a kan takardar.

YADDA SUKA ISO ƘASAR HAUSA

Tsakaninmu da Masar akwai tsohuwar hanya: ta fatake, ta alhazai, ta masu neman ilimi a Azhar. A zamanin Abdunnasir gidan rediyon Alƙahira ya buɗe sashen Hausa. Sinima ita ma ta biyo, amma ta hannun ƴan kasuwa.

A Kano, Kwarori, wato mutanen Labanan da Sham, su suka gina gidajen sinima, kamar Rex a 1937. A shekarun 1950 suka riƙa kawo finafinan Larabawa da na Indiya, ban da na Amurka da Ingila. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su ke rarraba finafinai har farkon shekarun 1970, kuma cikin kayansu akwai na Masar. Ƙauye ba shi da gidan sinima. Wanda ya je Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, ko ya tafi cin rani Kano, shi ke gani, ya komo ya ba da labari a dandali.

Larabcin finafinan nan na titin Alƙahira ne, ba irin wanda almajiri ke karantawa a allo ba. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto kuwa da harshen Turawa take. A Kano na Indiya suka rinjaya. Amma ku duba wanda Hausawa suka fi riƙewa cikinsu, Mother India na 1957: labarin manomiya ce da mai ba da bashi, wanda ya yi shekaru yana kwashe amfanin gonarta da littafin lissafin da ba ta iya karantawa. Ciwon ɗaya ne.

Da muka sami ƴancin kai a 1960, ƴan Nijar suka ɗauki na'urar da kansu. Mustafa Alasan ya fara da Aure a 1962. A 1972 ya yi fim a kan wani ma'aikaci da ya biye wa mata, da gida, da mota, da kuɗi, har ya taɓa dukiyar da ba tasa ba, ya ƙare a gidan kaso. Umaru Ganda, wanda ya yi soja a Indoshin, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya yi Kabaskabo a 1968, labarin tsohon soja da ya komo gida abokai suka cinye kuɗinsa suka watse. Sannan ya yi Wazu, labarin wani alhaji da ya sa kuɗi ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, har abin ya kai ga kisa. Wannan fim shi ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972. Umaru Ganda ya rasu a 1981. A Nijeriya kuma, a 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, fim da Hausa. Labarin yaro ne da aka sace zamanin bauta, aka ƙetare hamada da shi har ƙasar Masar.

NAMU SIKELI, TAMU TAKARDA

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayi tsofaffin ƙauyenku labarin zamanin gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa. Da cinikinta Maraɗi ta girma. Manomi ya kawo buhunsa, wani ya ɗora a sikeli, wani ya karanta lamba, wani ya rubuta, wani ya cire bashin damana. Manomi yana tsaye, duk abin da aka faɗa masa shi ne.

A 1962 gwamnati ta kafa SONARA mai sayen gujiya, da UNCC mai kula da bashi da ƙungiyoyin manoma. A 1963 aka kafa hukumar yaƙi da jahilci. Kafin ƙarshen shekarun 1960, a wasu kasuwannin jihohin Damagaram da Maraɗi, manoma da kansu suka karɓi awo da rubutu. Waɗanda suka koyi karatu da lissafi da Hausa su suka tsaya a kan sikeli, su suka riƙe littafi. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta kama gujiya a 1975, sun karya wannan ciniki. Yau babu SONARA, babu UNCC. Amma an riga an ga abin da idon manomi mai karatu ke iyawa.

Yanzu takardar da ta fi shafarku ita ce ta gona. Mutane sun ƙaru, daji ya ƙare, gonaki suna ta tsagewa wajen rabon gado. A 1993 aka yi dokar karkara, aka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, har a ƙauyuka. Aikinsu su rubuta shaidar saye, da kyauta, da aro, da jingina. Aro daban, jingina daban, sayarwa daban. Kalma ɗaya ce tsakaninsu a takarda, amma ita ke raba ƴaƴanka da gonar kakansu.

Saboda haka kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka karanta ba. In da Faransanci aka rubuta, sa wanda ka amince da shi ya fassara maka gaban shaidu. Lambobi kuwa ka riga ka san su: duba kuɗin, duba ranar, duba sunanka. Ke ma ƴar uwa, kasonki na gado da kuɗin asusun ƙungiyarku ta mata, duba su da idonki.

Gaskiya ne karatu kaɗai ba ya hana zalunci. Muhammadu ɗan wanzami ya yi karatu, duk da haka aka yi masa ƙage. Amma karatu yana rufe ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofin azzalumi, kuma babbar ƙofa ce.

Sannan ku tuna da Haridi. Cikinku akwai wanda gobe za a ba littafin ƙungiya ko makullin rumbun tsimi, don shi ne ya iya rubutu. Ranar nan sauran jama'a za su tsaya gabansa kamar yadda shi ya taɓa tsayawa gaban wani. Ya karanta musu abin da ke rubuce da ƙarfi, kowa ya ji. Ya kuma koya wa wani, domin littafin da mutum ɗaya kaɗai ke iya karantawa, ko na wane ne, hatsari ne ga gari.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. A wace shekara hoto ya fara magana da Larabci?
2. Me ya hana Sultan samun aiki?
3. Me manoman fim ɗin Ƙasa suka ɗauka suna roƙo, me kuma aka yi da sa hannunsu?
4. Mene ne bambancin aro da jingina da sayarwa? Ku tattauna da malaminku.
5. Rubuta layi 3 a kan wata takarda da aka taɓa ba ka ka sa hannu.

Ku kawo amsoshinku aji, malami zai duba. Wanda ya gama karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa da bai fara zuwa aji ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.